Muryar da Awaki Suka Sani

Jum'an yana cikin ɗaure buhunan fulawa a bayan a-kori-kurarsa wayarsa ta sake ruri. Da farko ya ƙi dubawa. Tun da gari ya waye kowa a Hadibo shi yake nema, wannan a janye masa kwalekwale daga bakin teku, wancan a kai masa tsohuwa makaranta, sai ka ce duk tsibirin Sukutra motarsa ce kaɗai mai ƙafa huɗu. Lasifikar masallaci kuwa ta ƙi gajiya: guguwa za ta sauka kafin dare, kowa ya bar bakin teku, kowa ya bar bakin kwari. Da wayar ta ƙi yin shiru ya zaro ta, ya ga sunan Kawu Nuh, yayan mahaifiyarsa.

"Kai Jum'an, wai kana da uba kuwa?"

"Kawu, lafiya?"

"Ina fa lafiya. Duk ƙauye ya hau kogo, har makauniyar nan mai gishiri mun goyo ta, amma tsohonka yana zaune a ƙofar gida kamar mai jiran a kawo masa amarya. Na tura samari su ɗauko shi, ya bi su da sanda."

"Me yake jira?"

"Awakinsa. Ka zo ka ji da abinka. Ka san ni ko gaisuwata ba ya amsawa."

Jum'an ya biya makarantar da aka tara jama'a, ya sauke fulawar. Matarsa Sa'ida ta biyo shi ta riƙe ƙofar motar.

"In ruwa ya yanke hanya fa? Ka bar ni da yara a aji?"

"Yanzu zan dawo."

"Haka ka ce a waccan guguwar." Ta dubi sama, ta dube shi, sannan ta saki ƙofar. "Je ka. In ya ƙi, ka ɗaure shi da igiyar fulawar nan."

Hanyar bakin teku ta cika da mutanen da ba su da lokacin amsa sallama. Wasu suna jibge duwatsu a kan rufin kwano, wasu sun lulluɓe ɗakunansu da komar kifi suna kafa mata turaku. Tekun ta canza kala, ta koma kamar ruwan wanke tukunya, tana tasowa a hankali tana komawa ba tare da kumfa ba. Wannan natsuwar tata ta fi haukanta ba Jum'an tsoro. Ya taka mota, yana tuƙi yana faɗa da mahaifinsa a zuci, yana kuma cin nasara, abin da bai taɓa yi a fili ba.

Ya tarar da tsoho Tanuf yadda aka faɗa masa, zaune a kan dutsen ƙofar gida, sanda a kan cinya. Gidan yana bakin kwari, kuma har yanzu akwai layin laka a jikin bango, daidai da taga, inda ruwan waccan guguwar ya tsaya.

"Baba, tashi mu tafi."

Tsohon ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Sai da Jum'an ya durƙusa ya kai kunne sannan ya ji.

"Suna cikin kwari."

"Me ya sami muryarka?"

Tanuf ya nuna maƙogwaronsa, ya yi tari mai tsawo. Ashe kwana da kwanaki ke nan tari ya cinye masa murya, bai gaya wa kowa ba, don a wurinsa faɗin ciwo ma wani irin roƙo ne.

A ƙasarsu ba a bin akuya da sanda. Sakin su ake yi su bi duwatsu, su cuɗanya da na kowa, idan lokacin tatsa ya yi mai su ya hau tudu ya yi kiran gidansu, su ware kansu su zo. Kowane gida da nasa kiran, kuma akuya ba ta amsa wa muryar da ba ta tashi da ita ba. Tun jiya maƙwabta suka kira nasu suka haura da su. Na Tanuf kaɗai suka rage a gindin kwarin, cikin inuwar dabino, daidai inda ruwan duwatsu yake bi idan ya sauko.

"To in sun zo ina za ka kai su?"

Tsohon ya nuna garken dutse da ke bayan gida.

"Garken da ruwa ya shanye wancan karon? Baba, kogo za mu."

Tanuf ya girgiza kai da ƙarfi har rawaninsa ya karkace. Kogon na dangin Nuh ne, kuma shi ya riga ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka inda Nuh yake ba.

Jum'an ya ga tsayawa gardama ɓata lokaci ne. Ya hau tudun da yake hawa yana yaro, ya kewaye baki da tafukansa, ya saki kiran gidansu. Bai manta ko gaɓa ɗaya ba. Can ƙasa wata jar akuya ta ɗago kai, ta dube shi yadda ake duban mai talla, ta ci gaba da cin ganye. Shekarunsa goma sha a birni, babu ɗaya a cikinsu da aka haifa a gabansa. Ya sake kira har jijiyar wuyansa ta tashi, iska ta kwashe ta yi teku da shi.

Sai ya gangara da gudu, wai zai koro su. Awakin da ke hawa inda ƙadangare ke shakka! Ya bi wannan ta haye dutse, ya tare waccan ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, a ƙarshe santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin tsakuwa. Yana zaune a nan ɗigon farko ya sauka a wuyansa, mai nauyi, mai ɗumi. Ya ɗaga kai. Ƙwanƙolin duwatsun ya ɓace cikin baƙin hadari, kuma ya san idan aka yi ruwa a can sama, kwari ba ya sallama kafin ya iso. Tsoro ya kama shi sosai.

Ya dawo yana ɗingishi. "Baba, wallahi zan saɓe ka in jefa a mota."

Tsohon ya ɗaga sanda. Idanunsa sun yi ja, kuma Jum'an ya ga ba fushi ne kaɗai a cikinsu ba. Awakin nan su ne abokan hirarsa tun da gidan ya zama kango.

Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da awakin suka san muryarsa, kuma su biyun sun san ko wane ne.

"Zan je in kira Inna."

Tanuf ya kawar da kai ya dubi teku. Bai ɗaga sandar ba.

Bara ne abin ya faru, a kan bishiyar dabino guda. Ganima, mahaifiyar Jum'an, ita ta dasa ta da hannunta, Tanuf ya kyautar da ita ga ɗan ƙaninsa bai shawarce ta ba. Ta faɗa masa magana a gaban maza, shi kuma ya furta saki ɗaya, bayan aure na shekara arba'in. Kowa ya ɗauka kafin sati za a shirya, ai harshe da haƙori ma suna saɓawa. Shi ya zauna jiran ta ba da haƙuri, ita ta zauna gidan yayanta jiran ya zo biko, har idda ta cika suna jiran juna.

Jum'an ya haura zuwa kogon yana haki. Ciki ya cika da hayaƙi da kukan yara da warin busasshen kifi, awakin ƙauye sun cunkushe a can ƙurya. Ya sami mahaifiyarsa tana tace shayi.

"Sannu da zuwa, ɗan birni. Me ya sami zanenka?"

"Inna, awakin Baba suna cikin kwari."

"Allah ya fito da su."

"Muryarsa ta mutu. Ko raɗa da ƙyar yake yi."

Hannunta ya tsaya a kan butar, sannan ta ci gaba da tsiyayawa. "Ikon Allah. Da bara ta mutu ai da an huta."

Kawu Nuh ya fashe da dariya daga inda yake kishingiɗe. Jum'an bai yi ba.

"Ya ce ba zai tashi ba sai da su. Inna, an fara ruwa a sama."

"Shi ya aiko ka?"

Jum'an ya so ya yi ƙarya, amma wannan matar ce ta koya masa magana. "Bai hana ni ba."

"Bai hana ka ba." Ta ajiye butar. "Ka ji shi, Yaya? Bai hana shi ba. Wannan a wurin Tanuf ai kuka ne da hawaye." Ta dubi bakin kogon inda iska ke kaɗa tabarmar da aka rataya. "Akuyar nan mai farin goshi ta haihu?"

"Ban sani ba."

"Ba ka san komai ba." Ta miƙe ta ja mayafinta. "Don su zan je. Ka ji da kyau, don kada wani ya ɗauka wani abu."

"Ganima, ki zauna," in ji Nuh. "Mutumin da ya..."

"Yaya, sha shayinka."

Suka gangaro, iska tana tura su baya. Ganima ba ta dubi ƙofar gidan ba, ta wuce kai tsaye ta hau tudun kamar jiya ta sauko daga kansa. Ta juya wa iska baya, ta ɗaga haɓa, ta saki kiran. Siririyar murya ce mai kaifi, ta ratsa kwarin ta bugi dutsen can ƙetare ta dawo. Shiru. Ta sake. Sai ga kuka ya amsa daga cikin dabino, wani ya amsa daga bayan dutse, nan da nan kwarin ya ɗauka. Suka ɓullo ta ko'ina suna tsalle, manya da ƙanana, suka kewaye ta suna tura kai cikin mayafinta. Ta durƙusa tana shafa su tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya.

"Dubi yadda kuka rame. Ke kuma wa ya bar ki da wannan ƙaya a kunne? Jum'an, ka gaya masa akuya ba da taurin kai ake kiwonta ba."

Tanuf ya riga ya taso, ya buɗe ƙofar garke yana tsaye a gefe. Ya yafito ɗansa, ya raɗa masa a kunne.

"Ya ce ki shigar da su garke."

"Ka gaya masa na ji."

Ta miƙe, ta ɗauki wata 'yar akuya da ba ta yi ƙwari ba ta rungume, ta juya ta kama hanyar kogo. Ba ta sake yin kira ba, ba ta ma waiwaya ba. Awakin suka jeru a bayanta. Suka wuce ƙofar garken da ke buɗe, suka wuce mai su da sandarsa, ko ɗaya ba ta karkata ba.

Daga can saman kwarin wani gurnani ya fara tasowa, kamar manyan motoci suna sauke dutse. Ruwan sama ya ƙaru. Jum'an ya dubi motarsa, ya san yau ba Hadibo, ya tuna Sa'ida da yara a aji. Ya dubi mahaifinsa. Tsohon yana tsaye riƙe da ƙofar garken da babu komai a ciki, ruwa yana bin gemunsa, leɓunansa suna motsi ba abin da ke fita.

"Baba."

Wata tsohuwar akuya mai ɗingishi, ita ce ta ƙarshe, ta zo ta wuce su tana jan ƙafa. Tanuf ya bi ta da kallo har ta kai gindin hawan. Sannan ya saki ƙofar, ko rufe ta bai yi ba, ya dogara sandarsa ya bi bayanta.

Jum'an ya biyo shi a hankali, hannu a shirye ko zai zame, bai kuskura ya taɓa shi ba. Haka suka haura, Ganima a gaba, awaki a tsakiya, tsohon a can baya, ƙarar ruwa tana cika kwarin a ƙarƙashinsu. Da suka kusa lanƙwasar da ke ƙasan kogon, Ganima ta ɗan rage tafiya. Ba ta juyo ba, ta dai ɗaga murya yadda za ta tsallake awakin.

"Jum'an! Ka gaya masa ya bi ta dama. Dutsen nan na hagu yana da santsi."

Jum'an ya buɗe baki zai maimaita, sai ya ga tsohon ya riga ya karkata dama.