Iskar Gonar Ummu Hani

Ummu Hani ta gaji gonar shinkafa daga mijinta Ummaru, kadada guda da 'yan kai a fadamar Argungu. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, cikin wata bazara mai zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa jin irinsa ba. Mutane sun zaci za ta ba da aron gonar ta koma ɗaki. Ita kuwa sai ta ɗaura zane ta shiga taɓo, domin tun yana raye ita ce mai dashe, shi mai kula da injin ban ruwa. Yanzu ta haɗa duka biyun.

Lokacin da ta fi so shi ne kafin hantsi, sa'ad da tururi ke kwance bisa ruwa kamar an shanya farin mayafi. Sama takan sauko ta kwanta cikin gonar, har mutum ya ga balbela biyu alhali guda ce. Idan ta taka laka, sai kumfa ya taso ta tsakanin yatsun ƙafarta, ɓul, ɓul, ɓul, ya fashe a fuskar ruwa. Tun tana yarinya take ganinsa, ba ta taɓa tambayar kowa mene ne ba.

Ran wata Asabar ɗiyarta Zuhura ta zo daga Birnin Kebbi. Zuhura tana aiki a wata cibiyar binciken noma, tana zaune a unguwar Gesse da mijinta. Ta sauka daga mashin da wasu akwatunan roba masu haske da jakar ƙananan kwalabe.

"Inna, aron gonarki niz zo," in ji ta bayan sun gaisa. "Iska zan ɗiba."

Ummu Hani ta yi dariya har ta dafa cinya. "Ke Zuhura! Karatun naku har ya kai ga ɗibar iska? Ɗebi, ɗiyata, ba ta ƙarewa."

Zuhura ta cire takalmi ta shiga ruwa. Ta cika wata kwalba da ruwa, ta kife ta bisa mazurari, ta ce uwar ta motsa lakar da sanda. Kumfa ya riƙa hawa cikin kwalbar yana korar ruwan, har ta zama kamar wofi. Zuhura ta toshe bakin da tafin hannu, suka shiga bukkar da ke bakin gona inda inuwa ta yi duhu. Ta ƙyasta ashana.

Wuta ta kama a bakin kwalbar, shuɗiya, siririya, ba hayaƙi. Ta ɗan yi rawa ta mutu.

Ummu Hani ta ja da baya tana salati. Shekara arba'in tana tafiya bisa abin nan.

"Wuta cikin ruwa?"

"Sunanta mitan, Inna. In ruwa ya rufe laka kwana da kwanaki, iska ba ta shiga, sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ci ruɓaɓɓen kara da saiwa, su huro wannan. Irinta ce shanu ka fitarwa in sun yi gyatsa. In ta hau sama sai ta zama kamar bargo, ta riƙe zafin rana kada ya fita. Cikin shekara ashirin, riƙonta ya ninka na hayaƙin mota wajen sau tamanin."

Uwar ta koma dashe, Zuhura ta kifa akwatunanta bisa shinkafa tana zuƙe iska da sirinji.

Bayan mako biyu Ummu Hani ta shiga mota zuwa Birnin Kebbi da niyyar ganin jika, amma tun kafin ta sha ruwa ta ce a kai ta ta ga iskarta. Zuhura ta kai ta wani ɗaki mai sanyi inda kwalabe ke jere cikin tire, kowace da 'yar takarda. A kan goma sha biyu an rubuta sunanta. Ta ɗauki guda ta ɗaga wajen taga. Ba komai a ciki sai rufin gidajen birni da ke juye a jikin gilashin. Duk da haka ta ji kamar ta riƙe safiyar gonarta a hannu, da ƙamshin laka da kukan kwaɗi.

Sai ta fitar da abin da ya hana ta sukuni tun ranar.

"Gaya mini gaskiya. Zafin da yac ci babanku, da hannuna a ciki?"

Zuhura ta karɓi kwalbar ta ajiye, ta riƙe hannun uwar. "Haba Inna. Baba kwanansa ya ƙare. Kuma naki bai kai ɗigo cikin gulbi ba. Akwai rijiyoyin gas, da manyan juji, da garken shanun duniya duka. Abin da ya sa muka damu da ita shi ne ba ta daɗewa a sama. Shekara goma sha biyu haka, sai ta lalace. Abin da aka rage bana, jikanki zai ji sauƙinsa kafin ya yi gemu."

"To yaya ake rage ta?"

Da uwar za ta koma gida, Zuhura ta ba ta guntun bututun roba, tsawon kamu guda, rabinsa duk huji. Ta ce a kafa shi cikin gona, a kwashe lakar ciki. A bar ruwa ya janye, a riƙa leƙawa. Sai ya sauka cikin bututun ya kai wani jan zane da aka yi a jikinsa, kusan taƙi guda ƙarƙashin ƙasa, sannan a sake ban ruwa. Idan shinkafa ta fara fure kuwa, kada a bar ta da ƙishi ko na yini.

Ummu Hani ta raba gonar biyu, ta gwada a rabi. Kwana uku ruwa ya ɓace. A na biyar ƙasa ta fara tsagewa. Hodi, maƙwabcin gonarta kuma abokin marigayi, ya tsaya bisa kunya yana kaɗa kai.

"Ummu, in injin ne ya lalace, ga nawa. Shinkahwa ɗiyar ruwa ta. Ummaru bai taɓa barin gonar ga ta ga rana ba."

"Injin lahiya lau, Malam Hodi. Gwaji nike."

"Da abincin shekara?"

Bayan ya wuce ta durƙusa ta leƙa bututun. Ruwa na can ƙasa yana ƙyalli kamar idon kifi, saura yatsa biyu ya kai jan zanen. Hannunta ya kai ga igiyar injin sau biyu tana janyewa.

Da rana ta take, ta kwanta cikin bukka don ta huta, barci ya ɗauke ta. Ta ga kanta tana tafiya bisa gulbi ba ta nitsewa. Sama ta yi ƙasa ƙasa har tana taɓa ɗankwalinta, kuma duk barguna ne, wani kan wani, masu nauyi da ɗumi. Mata da yawa suna tsaye cikin gonakinsu, wasu da manyan malafuna, wasu da fatar da ba ta taɓa gani ba, kowace ta kama gefe tana ja. Ita ma ta kama. Bargon ya zame a hankali, suka ninke shi kamar wanki. Can nesa ta hango Ummaru zaune cikin kwalekwale, ƙafarsa cikin ruwa, iska na kaɗa rigarsa. Bai yi kama da mai jin zafi ba.

Ta farka da kiran sallar la'asar daga gari. Ta leƙa bututun, ruwa ya kai zanen. Ta ja igiya, injin ya amsa, ruwa ya bi tsagogin ƙasa yana shewa. Kafin magariba ganyen da ya ɗan lanƙwashe ya miƙe.

Sau huɗu ta yi haka kafin fure. Ba duka ya tafi daidai ba. A kusurwar gabas, inda ƙasa ta fi tudu, ciyawa ta samu sarari ta shaƙe shinkafar, sai da ta yi kwana uku tana cira da hannu, kuma wajen bai ba da abin kirki ba. Sauran kuwa ya yi kai mai nauyi, kara ya tsaya da ƙarfi, iskar da ta kwantar da rabin gonar Hodi ba ta kwantar da shi ba. Da aka sussuka aka auna, rabin gwaji ya zo kusan daidai da ɗaya rabin, injin kuma ya huta kwanaki da yawa. Zuhura ta bugo waya ta ce kwalaben sun nuna iskar mitan ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Washegarin sussuka Hauwa'u, matar Hodi, ta yi sallama da bututu biyu cikin zane da ƙusa guda.

"Malam ya ce in tambaya, huji nawa ake yi?"

"Ban ƙirga ba," in ji Ummu Hani. "Zauna mu ƙirga."

Ta tura ƙusar cikin garwashi, ta ɗauko tabarma. Suna jiran ƙarfe ya yi ja, hira ta karkata ga bikin ƙanwar Hauwa'u da za a yi bayan salla, da wanda zai dafa tuwon mutanen garin Gulma idan sun zo.