Kashi na shida da butar Hajja

Kashi na farko na fim ɗin 'yan jimina na kalle shi ina da cikin Tasnim, kuma sai da na yi hawaye. Zane ne mai natsuwa: tsohuwar jimina tana bi da jikokinta ta cikin sahara zuwa ruwa. Na biyu ba laifi. A na huɗu an sa musu tabarau suna tuƙa mota. A na biyar sun je wata. Jimina a wata! Masu yin sa labari ya ƙare musu tuntuni, sai ihu da tusa da rawa, ga launi kamar an zubar da kwanon alawa.

Duk da haka ba na barin faifai ya shiga idon 'yata sai na zauna na tace shi, ina tsince waken adas ina kallo. Na shida ne kawai ya kuɓuce mini. Ɗahiru, mijina, ya sayo shi a kasuwar Suk al-Shabi ranar da nake gidan rasuwa a unguwar Alsahafa.

"Ya Abu Tasnim, ka duba shi kuwa?" na tambaye shi.

"Jiminai ne fa, ba 'yan daba ba. Mai shagon ya ce ya fi na baya duka."

"Mai shago zai ce kayansa ya lalace?"

Ashe kafin in dawo Tasnim ta kalle shi ya ishe ta.

Kowace Juma'a muna tashi daga unguwarmu Hajj Yusuf mu tsallaka Omdurman cin fatur, wato kalacin hantsi, a gidan surukata, Hajja Awadiyya. A gidan, jika ɗaya ce ke durƙusawa da buta da tasa ta zuba wa Hajja ruwa ta wanke hannu kafin kowa ya taɓa tire. Hajja ce ke zaɓa, kuma bara ta tsallake jikokin da suka girmi Tasnim ta zaɓe ta. Yarinyar tun Alhamis take tambaya ko an goge mata riga.

Juma'ar nan an ajiye tuwon asida, mata sun kewaye tire, Hajja na bakin gado ta miƙo hannuwa. Tasnim ta zo da buta, ba ta durƙusa ba. Ta ɗaga ta sama, ta tsiyaya ruwan a kan Hajja, ta murguɗa ƙugu, ta rera da muryar hanci: "Tsohuwa ta yi tsatsa, a jiƙa ta!"

Ta tsaya tana jiran dariya. Babu wanda ya yi. Ruwa na bin farin tob ɗin da Hajja ta lulluɓa da shi yana ɗiga a tabarma.

Kande, matar wan mijina, ta ce a hankali amma yadda kowa zai ji, "Mawahib ɗita dai ba ta taɓa ba. Ga ta nan kuma, hannunta lafiya."

Tasnim ta juyo wajena. "Yumma, haka ƙaramar jiminar ke yi wa kakarta. Kowa yana tafi."

Na janyo ta bayana. "Hajja, ma'alesh, ki yi haƙuri. Ba halinta ba ne, kin sani. Wani shirmen fim ne."

Hajja ta share fuska da gefen tob. "Kawo shi in gani."

Faifan na jakar yarinyar. Aka sa, asida na hucewa. A nan na fara ganin sa ni ma. Tsohuwar jiminar da ta san hanyar ruwa sun mai da ita sakarya mai haƙoran roba, tana faɗuwa a kwata, jikoki na buga mata ganga a baya. Ko ƙafafun ba su iya zanawa daidai ba. Ga wata waƙa da aka cusa don kawai a sayar da jakar makaranta.

"Manya ne suka zauna suka yi wannan?" in ji Hajja.

"Manya masu gemu," na ce. "Har kashi shida."

"Allah ya shirye su. Kashe."

Kande ta tura Mawahib gaba da gwiwar hannu. Tasnim ta ƙanƙame zanena. Hajja ta dubi Mawahib, ta dubi Tasnim, sannan ta miƙo hannuwanta wajena.

"Ke, Asma'u. Cika butar."

"Ni, Hajja?"

"Ke. Tunda da ido 'yarki take ɗaukar karatu, ba ta abin kallo. Mako mai zuwa ta gwada in gani. In ta sake yi mini wanka, Mawahib ta karɓa."

Na cika butar, na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar tabarmar a gaban facalolina. Na zuba a hankali, siriri, yadda ba zai fantsama ba. Tasnim ta matso ta durƙusa kusa da ni, ta riƙe tasar da hannu biyu.