Tofin Ikilima

Madam Philomena, shugabar ɗakin gwajin tsirrai, ta ɗaga kwalba ta juya ta a hasken fitila. Fumfuna ta lulluɓe ɗan tsiron ayabar da ke ciki kamar tuwon da ya kwana uku.

"Kwalba ta arba'in ke nan, Cletus," in ji ta. "Yau kwana uku ina tambayarka. Tunda ba ka da amsa, ajiye makulli ka tafi."

Cletus ne mai dafa kwalabe a tukunyar tururi don kashe ƙwayoyin cuta. Shekararsa shida yana wannan aiki, 'ya'yansa huɗu a unguwar Magajiya.

"Madam, I swear na dafa su. Minti ashirin, kamar kullum."

Ikilima tana tsaye a gefe, kunya ta hana ta ɗaga kai. Aikinta shi ne ta yanko zuciyar ɗan ayaba, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar shinkafa, ta dasa a kwalba, guda ta haifi ɗaruruwa. Sharaɗin ɗaya ne: ko numfashi kada ya shiga. Ita ce ma mai tsawata wa sababbin ma'aikata a kan haka, da muryar nan tata ta mai digiri.

To, wannan ayabar ta babanta ce. Cuta ta cinye gonarsa ta garin Gawu Babangida, sai tushe ɗaya ya tsira. Da ya miƙo mata shi a buhu ya ce, "Ki tofa masa addu'a, uwata." Ranar dashe kuwa, da ta ga ita kaɗai ce a ɗakin, ta sauke takunkumi, ta yi addu'a, ta bi kwalabe arba'in a buɗe tana tofawa. Duk karatun nan nata bai hana ta ba.

Cletus ya ciro makulli daga aljihu.

"Madam, ba shi ba ne," in ji Ikilima. "Ni ce. Tofi na yi musu."

Madam Philomena ta ajiye kwalbar, ta juyo gare ta.

"Ke? Ikilima? Ni ma ina yi musu addu'a kowace safiya, amma da murfinsu a rufe. Same ni a ofis."

Ta fita. Cletus ya mayar da makulli aljihu, ya fara kwashe kwalaben yana jerawa a daro.

"Oga Cletus, don Allah ka yafe mini."

"Ba komai, anti."

"Da ka san abin da na yi..."

"Na sani. Ina wanke-wanke ranar, na hango ki ta gilashi."

Ikilima ta matso kusa da shi. "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ɗaga daron ya ɗora a kafaɗa, bai dube ta ba.

"Mutum yana addu'a, zan kai ƙararsa? Ni dai na ɗauka tun ranar farko za ki yi magana."