Ko Ɗigon Mai Babu

Direba ya fi shekara ashirin yana tuƙa babbar bas ta cikin gari, kuma duk abin da ya iya a kicin bai wuce dafa ruwan shayi ba. Amma ranar nan da tsakar rana sai ga shi tsaye gaban murhu, da rigar aiki a jikinsa, ya naɗe hannun riga, yana kallon wani damin ganye kamar wanda aka miƙo wa injin da bai taɓa kwancewa ba.

Ganyen kale ne, wai. Ɗan'uwan kabeji ne, sai dai shi ba ya dunƙulewa, ga kauri, ga baki duk a murɗe. Sai da ya zagaya kasuwar kayan lambu kafin ya same shi a wajen wata mata, ya kuma sayo dami biyu don kada ya ɓata ɗaya ya rasa na biyu.

Saboda Auta ake duk wannan. Ita ce ƙaramar 'yarsa, wadda ta tafi jami'a da kumatunta da surutunta, ta dawo hutu mahaifiyarta ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallonta kamar baƙuwa. Da farko nama ta daina ci, da kifi da ƙwai da madara, ta ce tausayin dabbobi take ji. A gidan aka yi ta zolayarta, Direba ma har da cewa to ta yi wa kajin maƙwabta albishir. Daga baya ta daina cin duk abin da mai ya taɓa. Sannan abin da take zubawa a faranti ya yi ta raguwa, har ya zama ba a zolaya kuma.

Likitar da suka kai ta wajenta ta zaunar da iyayen su biyu ta yi musu bayani a hankali. Ta ce barin nama ba shi ne ciwon ba, mutane da yawa ba sa ci kuma lafiyarsu ƙalau. Abin da ke damun Auta tsoron abinci ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana ɗaukar lokaci. Ta ce kada a yi mata dole, kada kuma a yaudare ta. In aka dawo ganin likita na gaba nauyinta ya ƙara sauka, sai an kwantar da ita.

Maman Auta ta ji wannan magana, amma uwa ce. Wata rana ta faki ido ta tsiyaya ɗan mai a cikin waken da ta dafa mata. Auta ta ga maiƙo yana ƙyalli a saman romon, ta ajiye cokali, kuma tun daga ranar ba ta sake cin komai daga hannun mahaifiyarta ba. Sai shayi ba sukari, sai ɓarin tuffa da za ta yi ta juyawa a hannu. Yau da safe jiri ya kwashe ta a banɗaki, aka same ta zaune a ƙasa ta jingina da bango. Da ta dawo hayyacinta, ta ga fuskar mahaifinta, sai ta ce da muryar da ba ta fita sosai, “In Baba ne zai dafa, ina tsaye ina gani, zan ci.”

Shi ya sa ya bar abincinsa na rana a gareji, ya taho gida a ɗan hutun da ke tsakanin tuƙin safe da na yamma.

Auta ta jawo kujerar roba ta zauna a bakin ƙofar kicin. Ta sa rigar sanyi duk da ana zafi, hannayenta a cikin aljihu.

“To, malama,” in ji shi, “ga ɗalibinki. Daga ina ake tada motar?”

Ta ɗan motsa baki. “Ka fara zare ganyen daga jikin karan. Karan tauri gare shi.”

Ya riƙe kara ɗaya ya ja, ganyen ya yage biyu. Ta nuna masa da hannu daga inda take: a kama gindin, a zuge sama. Ya gwada, ganyen ya zame ya fita gaba ɗaya. Ya yi ta yi har kwando ya cika, ya kai ƙarƙashin famfo yana wankewa ganye-ganye, don ta ce ƙasa na maƙalewa a cikin murɗin. Yana wankewa yana satar kallon wuyan hannunta da ya leƙo daga rigar. Agogon da ya saya mata ya yi mata yawa, ya zamo har bayan hannu. Ya kau da kai da sauri.

“Sunansa kale ko?” ya ce. “Allah ya sa ki kale shi tas.”

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan kaskon suyan da ya sauko da shi daga rataye.

“Baba, a wanke shi.”

“A wanke yake, Auta.”

“An soya ƙwai a ciki jiya. A sake wankewa.”

Ya so ya ce ɓata lokaci ne, ya haɗiye. Ya sa soso da sabulu ya dirje kaskon ciki da waje, ya ɗauraye, ya miƙa mata. Ta goga yatsa a ciki, ta ɗaga yatsan wajen hasken taga, ta duba. Sannan ta gyaɗa kai.

Maman tana falo, wai tana ninke kayan wanki. Daga inda yake yana jin ta, zani ɗaya take ta ninkewa tana warwarewa. Tun safe ta dafa farar shinkafa da wake, da ruwa da gishiri kawai, ta rantse da Allah a kan haka, amma ba wanda ya san ko Auta za ta kalle su. Ganyen nan shi ne zai zauna a gefen faranti, in an yi sa'a ya jawo sauran.

Ya yanka albasa, yankan da duk wata mace za ta yi wa dariya, wani siriri wani kamar ɓarin sabulu. Ya daddanƙa tafarnuwa da bayan wuƙa. Ya kunna murhu, ya ɗora kasko, ya watsa albasar. Nan take ta fara ƙara, ta kama ƙasan kaskon, ƙauri ya tashi. Hannunsa ya tafi da kansa wajen kwalbar man da ke tsaye a gefen murhu, yadda ya saba ganin hannun matarsa yana tafiya.

“Baba.”

Ta miƙe tsaye. Fuskarta ta canza gaba ɗaya, kamar wadda mota ta yo kanta.

Ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. “Mantuwa ce. Wallahi mantuwa ce. Me zan zuba?”

“Ruwa. Kaɗan. Cokali biyu.”

Ya zuba, kaskon ya yi tsuwwa, tururi ya turnuƙe shi. Ya sa muciya ya kankare, sai ga albasar ta saki, ta yi laushi, ruwan ya ɗauko launin ƙaurin ya zama ruwan zuma. Da ya ƙafe ya ƙara kaɗan. Ya zuba tafarnuwa. Ƙamshi ya cika kicin ɗin, ƙamshi na gaske, har shi kansa ya yi mamaki.

“Ashe haka ake yi,” ya ce. “Shekara da shekaru ana cin kuɗinmu a mai.”

Ya kwaso ganyen da ya yayyanka ya tula a kaskon, ya yi tozo har yana zubowa. Ya dube ta a tsorace. Ta ce ya bari, zai kwanta. Ya barbaɗa gishiri, ya yayyafa ruwa, ya rufe da murfi.

A nan ne ya ga ta dafa ƙofa. Tashin da ta yi da sauri ne ya taso mata da jirin. Leɓenta ya yi fari.

“Zauna, Auta.”

“Ƙamshin ne ya yi mini yawa. Bari in sha iska.”

Ta bi bango ta fita baranda. Ya ji ƙarar ƙofar, ya ji ta ja kujera. Yana tunanin ko ya bi ta, ko ya tsaya kan tukunya, sai ga Maman ta shigo ba takalmi, ba ƙarar tafiya. Ta wuce shi kai tsaye ta ɗauki kwalbar man, ta murɗe murfin.

“Cokali ɗaya, Baban Auta,” ta ce ƙasa-ƙasa. “Ganye zai shanye, ba za ta gani ba. Ka ga hannunta kuwa? Ganye da ruwa me zai yi mata? Likitar da bakinta ta ce jikinta na buƙatar mai.”

“Ta kuma ce kada a yaudare ta.”

“Likita ba ita ta haife ta ba.”

Gaskiyar magana, shi ma abin da ke ransa ke nan tun a kasuwa. Ya tsaya da muciya a hannu, yana kallon kwalbar, yana kallon murfin kaskon da ke rawa. Bai riƙe hannunta ba, bai kuma matsa daga gaban murhun ba. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, “In ta gane, saura wa zai dafa mata?”

Maman ta tsaya. Ta dubi kwalbar da ke hannunta. Sannan ta mayar da murfin ta murɗe, ta dire kwalbar, ta juya wa murhun baya ta sa gefen mayafi a ido.

Ya buɗe kaskon. Tulin nan duk ya kwanta, ya koma ɗan kaɗan, kore shar yana sheƙi. Sheƙin ne ya tayar masa da hankali. Ruwa ne kawai da tururi, amma wa zai gaya wa Auta haka? Ya matsa lemun tsami kamar yadda ta ce tun farko, ya barbaɗa barkono kaɗan, ya kashe wuta.

Da Auta ta dawo, abin da ta fara gani mahaifiyarta ce a cikin kicin. Na biyu kwalbar, wadda ba a inda take ɗazu take ba. Ta dubi kaskon. Ta ja da baya.

“Kun zuba.”

“Ba mu zuba ba,” in ji Direba.

“Yana ƙyalli.”

“Ruwa ne, Auta. Taɓa ki ji.”

“Kwalbar ta matsa. A can take ɗazu, kusa da gishiri.” Muryarta ta fara rawa. “Na san bai kamata in fita ba. Na sani.”

Ya dubi agogon bango. Ya kamata a ce yanzu yana hanyar gareji. Akwai sauran dami ɗaya, zai iya farawa daga farko, a ba wani basarsa, a yi masa faɗa. Har ya miƙa hannu wajen kwandon. Amma ya ga yadda take numfashi, ya san ko ya sake dafawa sau goma yau an gama.

Sai Maman ta juyo. Idonta jawur.

“Ni na ɗauka,” ta ce. “Na ɗauka, na buɗe, na so in zuba. Babanki bai hana ni da hannu ba, ni na ajiye. Ko ɗigo bai shiga ba. Da na zuba, yau da na gaya miki, don na gaji da ganinki kina tsoron hannuna.”

Auta ta dubi mahaifiyarta, kallon da ta kwana biyu ba ta yi mata ba. Sannan ta matso a hankali, ta sa yatsa a gefen kaskon, ta murza shi da ɗan'uwansa. Ta kai hanci. Ta tsaya.

“A ƙaramin faranti,” ta ce.

Ya zuba mata ganyen a gefe. Ya ɗaga murfin tukunyar shinkafa ya dube ta. Ta nuna da yatsu: kaɗan. Ya ɗebo abin da bai cika ludayi ba, da 'yan ƙwayoyin wake.

Suka zauna a teburin falo su uku. Likita ta ce kada a zuba mata ido, don haka Direba ya zuba nasa ya dinga ba da labarin wani fasinja da ya shigo bas da tsani ya rasa yadda zai juya da shi. Bai san ma me yake faɗa ba. Ta gefen ido yake ganin cokalin ya tashi, ya tsaya a hanya, ya koma, ya sake tashi. Da ya shiga bakinta, sai labarin ya ɓace masa, Maman ce ta ce, “To sai aka yi yaya da tsanin?”

Ta ci ganyen fiye da rabi. Shinkafar ta taɓa ta sau biyu ko uku. Waken ta ture shi gefe. Da ta ajiye cokali sai ta zauna ta ƙanƙame jikinta, hawaye na zuba ba sauti, kamar wadda ta yi laifi. Maman ta matso da kujerarta ta zauna kusa da ita, ba ta taɓa ta ba.

“Gishiri ya yi yawa,” in ji Auta can, tana share fuska.

“Gobe a rage.”

Ya isa gareji a makare, an riga an ba wani basar, sai ta gaba ya karɓa. Duk tsayawar da ya yi a fitilar hanya sai ya ji kamar ya zaro waya ya tambaya ko abincin ya zauna, ko ta kwanta, ko jirin ya dawo. Bai kira ba sai da ya kai ƙarshen layi. Maman ta ce Auta tana barci a doguwar kujera, kuma ba ta shiga banɗaki ta amayar da abincin ba.

Ranar komawa asibiti nauyinta bai hau ba, amma bai sauka ba. Likitar ta ce ba za a kwantar da ita ba tukuna, ta haɗa su da mai ba da shawara kan abinci, ta kuma faɗa wa Auta a gaban iyayenta cewa man zai dawo cikin abincinta, da saninta, a ranar da za su tsayar tare. Auta ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. A hanyar gida, sai da suka kusa kwanar gidansu sannan ta tambayi mahaifiyarta ko gobe za ta iya yanka albasar, don yankan Baba ba ya dahuwa daidai.