Dabbabar Baba Othman

Hawa na uku ke nan Haoua ta yi wa benen nan da bokitin ruwa, ko kashin akuya ba ta gani ba. Ta dire bokitin a kan rufin, ta riƙe ƙugu tana haki. Ranar Jidda ta tsaya a tsakiyar ka, ga shinkafa ta bari a wuta.

Da safe ne Baba Othman, maƙwabcinsu na ƙasa, ya danƙa mata mukulli. Tsoho ne haifaffen nan unguwar Waziriyya, rabin Hausarsa Larabci, ba mata ba ɗa, ita ke kai masa kunu tun da ya kwanta. Jiya asibiti suka sallamo shi, irin sallamar da kowa ya san ma'anarta.

"Ya binti, 'yata," ya ce mata, "dabbabata tana sama. Rana za ta ɓata ta. Sauko min da ita in gan ta."

Ita dai dabba ta ji. Watanta bakwai da baro Damagaram, kuma a garinsu abin da rana ke ɓatawa a kan rufi, in ba barkono ba ne, to mai rai ne. Wane irin mutum ne zai kulle dabba wata guda ba ci ba sha, sai da ajali ya matso zai tuna da ita? Ta sa mukullin ta buɗe ɗakin langa-langar da ke kan rufin, babu komai sai faffaɗan tebur da aka baza wa yashi, da gidajen kwali, da tarkacen wasan yara. Ta zagaye unguwa lungu-lungu, har ta tsaya gaban wani Balarabe Bayamale mai kanti tana yi masa kukan akuya don ya gane, ya miƙo mata gwangwanin madara. Haushi da tsoro suka haɗe mata, don amanar mai shirin tafiya ba abin wasa ba ce, kuma numfashin tsohon tun safe yake ja da baya.

"Ke Haoua!" Muryar Malam Haladu ce daga gindin bene, abokin tsohon, wanda gwiwa ta hana shi hawa tun bara. "Yalla, yi sauri mana! Tun ɗazu yake kallon ƙofa."

"Malam, ta gudu! Ko igiyarta ban gani ba."

"Me ya gudu?"

"Dabbar!"

Sai ta ji dattijo yana salati, dariya na neman shaƙe shi.

"Dabbaba, 'yar nan, dabbaba! Tankar yaƙi ke nan da Larabci. Tana kan tebur, koriya, mai dogon baki."

Haoua ta juya a hankali. Ga ta nan kuwa, ba ta fi kwanon sha girma ba, an harhaɗa ta da 'yan tubalan roba masu maƙalewa da juna. Daga ƙasa Haladu ya ci gaba da bayani ba a tambaye shi ba: shekara goma sha ɗaya suka yi shi da Othman suna gwabza yaƙin wasa a teburin nan duk Alhamis, wata uku Othman ya yi yana gina wannan, ya rantse da ita zai kore shi daga bayan tudun yashi.

"Furfura fal kai!" in ji Haoua. "Awa huɗu ina yawo a rana saboda roba?"

Ta ɗora ta a faranti ta kamo matakala tana mita. A hawa na biyu zaninta ya harɗe ta, kan tankar ya fita ya gangara. Ta tsince shi, ta danna shi yadda ya samu shiga, ta ƙara sauri.

Ta tarar da Baba Othman idonsa biyu. Ta ajiye farantin a gefen katifa da ɗan ƙarfi.

"Ga dabbarka nan, Baba. Ba ta mutu ba."

Ya daɗe yana kallon tankar. Leɓɓansa suka motsa, sai da ta sunkuya ta ji.

"Kin juya mata baki baya, ya binti. Ni za ta harba?"

"Ikon Allah! To gyara abinka da kanka."

Ya ɗago hannu a hankali ya ɗora a kan tankar. Haoua ta tsaya tana jira ya juya ta, ta riga ta shirya amsar da za ta ba shi in ya ƙara ƙorafi. Haladu ya matso da sandarsa, ya duba fuskar abokinsa, ya fara kalmar shahada ƙasa-ƙasa.

Hannun yana nan inda ya sauka, yatsu biyu a kan koriyar robar, bakin tankar na kallon matashin kai.