Rodin Kwata

Da Habu tela ya san abin da ke kwance cikin bututun nan, da bai miƙa wa ɗansa rodi ba.

"Ungo, Sabiru. Bayana ya ƙi sunkuyo yau. Je ka bakin kwata ka zungura."

Ruwan wanka ya kwana a tsakar gida har ya yi baƙi, warinsa na shiga ɗakin ɗinki. Tun da aka faɗa cikin matsin tattalin arzikin da kowa ke kira la crise, ma'aikatan birni suka daina leƙo lungunan unguwar Briqueterie, kowa ya koma gyaran kwatarsa da kansa. Bututu ɗaya ne a lungun. Ya taso daga gidan Mijinyawa mai tsire, ya bi ta ƙarƙashin gidan Habu, ya fito a bakin hanya. Kitsen Mijinyawa ne ke daskarewa ciki ya toshe shi. Sun sha faɗa a kan haka har liman ya gaji da sulhu.

Kayan aikin lungun biyu ne: dogon rodi mai ƙugiya a baki, da soda mai narka kitse. Bara soda ta cinye hannun wata mata, sai dattawa suka kafa doka. Duk wanda ya zuba soda ya ɗaura jan tsumma a ƙusar da ke bakin bututun. In ka ga tsumma, ba zungura sai washegari. Sabiru ba ya nan a lokacin, yana jami'a. Sai da aka yanke wa ɗalibai kuɗin tallafi ya dawo gida, ya zauna ba aiki, kullum Habu na duban ƙofa kada ya bi samarin da ke ƙona tayoyi a titi.

Habu bai gama kafa wuyan riga ba ya ji ihun.

Ya tarar da Sabiru yana birgima cikin taɓo, hannuwa a fuska. Bututun ya fashe da ruwa mai kumfa, yana ta ambaliya.

"De l'eau! Ruwa, Baba! Idona!"

Larai, uwar yaron, ta fito da gudu ta juye masa bokiti. Fatar goshinsa ta biyo yatsunsa. Habu ya dubi ƙusar. Ba komai a jikinta. Ya sunkuya da bayan nan nasa da ya ƙi sunkuyo ɗazu, ya ɗauki rodin.

Mijinyawa na ƙofar gidansa yana yankan naman yamma.

"Malam Habu, lafiya? Ko keken ya ƙi juyawa ka koma aikin kwata?"

"Ka zuba soda?"

"Tun da asuba. Ba ku ne kullum kuke kukan kitsena ba? To na..."

Rodin ya same shi a kafaɗa. Wuƙar ta faɗi. Ya ɗaga hannu zai kare, Habu ya sake saukewa, ƙugiyar ta kama shi bayan kunne ta yage. Mijinyawa ya kife kan teburin, tire ya tuntsure, nama da jini suka gauraya a ƙasa. Habu bai tsaya ba. Ya buga a haƙarƙari, ya buga a baya, yana faɗin sunan ɗansa. Sai da maza suka danne shi a bango.

Kulsum, matar Mijinyawa, ta rungume kan mijinta tana kururuwa.

"Me ya yi maka, azzalumi?"

"Ya makanta min ɗa! Ya zuba soda bai ɗaura tsumma ba!"

"Ya ɗaura! Wallahi ya ɗaura! Jan ɗankwalina ya yaga, ina tsaye!"

"Ƙarya kike! Ƙusar ba..."

Wani dattijo da ke riƙe da shi ya ce a hankali, "Malam, dubi hannunka."

Habu ya duba. A gindin rodin, daidai inda ya damƙa, an naɗe jan ƙyalle tsaf, an ƙulle bakinsa. Naɗin mai tafin hannu mai laushi ne, wanda ya ga tsumma rataye a ƙusa ya ce bari ya naɗa kada hannunsa ya yi kanta. Habu ya tuna ya sha gaya wa Sabiru waɗanda zai guje wa a titi da inda ba zai bi ba in an fara harbi. Maganar tsumma bai taɓa yi masa ba.

Taksi ɗaya ta kwashi su biyun zuwa asibiti, Sabiru a gaba da jiƙaƙƙen zane a fuska, Mijinyawa a baya kan cinyar matarsa.

Da la'asar Habu na zaune a barandar asibitin, ɗan sanda a gefensa. Larai ta fito, ba ta dube shi ba.

"Malam, yaron yana tambaya ko kwatar ta buɗe."

Likita ya ce ba za a san ko Sabiru zai sake gani ba sai an kwance bandeji. Mijinyawa kuwa bai farfaɗo ba, kuma ba wanda ya san ko zai farfaɗo.