Wuyan Rago na Malam Sama'ila

Shekarar da tafkin Madarumfa ya cika ya shiga gidajen mutane, Azumi ba ta san zama ba. Ita ce shugabar zumuntar mata a majami'arsu, mace mai ƙiba da faɗa da saurin kuka. Da aka kwashe mutanen bakin tafki aka zuba su a lakwal, wato makarantar boko, tun kafin fasto ya gama sanarwa ta ɗaura ɗamara. Wannan ta kawo gero, waccan wake, wata kuka da daddawa. Kullum da hantsi sai ka ga matan zumunta a jere da ƙwarya bisa kai, suna waƙa, Azumi a gaba tana haki.

Kowa ya karɓa ya yi godiya, ban da mutum guda. Malam Sama'ila, dattijon da ke limanci a unguwar da ruwa ya cinye, sai ya ce, "Allah shi saka, a ba yara," ya kau da kai. Rana ta uku matarsa Ɗelu ta ja Azumi gefe.

"Yaya, ba ƙyama ba ce," in ji ta. "Shekara talatin shi ka ba mutane, bai taɓa miƙa hannu ba. Tun da munka zo ruwa kaɗai ya shiga cikinai."

Abin ya tsaya wa Azumi a rai. Tsoho yana ramewa a gabanta, ga tuwo, ga miya, amma ba hanyar da za ta bi da su!

Ran Asabar wani ɗan majami'a ya ba da rago sukutum. Murna a wurin matan ba a magana. Aka girka tukwane a harabar majami'a, ana jajjage, ana guɗa. Azumi na dawowa daga rijiya ta hango mijinta Gwamna ya kayar da ragon, ya take ƙafafu, wuƙa na walƙiya a hannunsa. Gwamna mutumin kirki ne, amma in murna ta kama shi tunaninsa yakan tafi hutu.

Ta yar da bokitin ta zuba a guje, zane na harɗe ta.

"Tsaya! Kai, tsaya! In ka yanka, wa za ya ci?"

Gwamna ya yi sororo. Sai a lokacin ya tuna cewa waɗanda aka yi domin su duk Musulmi ne, kuma ko da Kirsimeti maƙwabci Musulmi ake kira ya yi yanka don kowa ya samu ci. Ya ce bari ya kira mahauci daga kasuwa.

"Wane mahauci?" in ji Azumi, idonta ya kawo haske. "Ga liman zaune!"

Ba ta ko gyara kallabi ba ta nufi lakwal. Ta durƙusa gaban tsohon tana numfashi sama-sama.

"Malam, taimako muka biɗa. Rago na kwance, ba mai yankawa."

Malam Sama'ila ya dube ta. Kwana biyar ana zuwa a ba shi, yau ne aka zo nema a wurinsa. Ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa, ya ce a ba shi buta.

A harabar majami'a kuwa sai ga shi ya koma liman sosai. Ya gwada kaifin wuƙar a farce, ya ce a ƙara wasawa. Ya sa aka juya ragon gabas. Fasto ya riƙe ƙafafun baya, Gwamna na gaba, shi kuma yana ta yi musu gyara kamar ɗalibansa. Ya yi bisimilla ya yanka, mata suka ɗauki guɗa.

Da nama ya nuna, Azumi da kanta ta tsamo wuyan, ta ɗora bisa tuwo mai zafi, ta ajiye a gabansa. Tsohon ya buɗe baki zai ce a ba yara, ta riga shi.

"Malam, wanga ba sadaka ba ce. Wuya na mai yanka ne, kai ma ka sani. Ko al'adar ma ruwa ya tahi da ita?"

Malam ya yi 'yar dariya, ya wanke hannu, ya gutsuri tuwo.

Azumi ta koma bayan tukwane ta fashe da kuka. Da Gwamna ya tambaye ta lafiya, ta daka masa tsawa ta ce hayaƙi ne, ya je ya ƙaro itace.